Jirgin da Ya Juya a Kan Kano

Ku da kuka tashi kuka tarar da iyayenku maza biyu, Babba da Kabiru, suna gaisawa a tsaye, babu mai zama a tabarmar wani, na san an ba ku labari. A gidan Babba an ce muku Kabiru ya zo har bakin gari ranar jana'izar ubansa, ya juya. A gidan Kabiru an ce muku Babba ya yi gaggawar binne tsohon don kada ƙaninsa ya ga fuskarsa. Duk na ji, domin yaro ba ya riƙe magana in yana cin tuwo a ɗakin kakarsa. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma ina cikin gidan a ranar, kuma ni na haife su su biyun. Ina faɗa ana rubutawa, don in na tafi kada wani ya ƙara nasa gishirin.

Gidanmu na Gyadi-Gyadi a lokacin ɗaki uku ne da zaure, kuma a zauren nan kakanku Malam ya kafa keken ɗinkinsa tun unguwar tana da gonaki a bayanta. Babba shi ne ɗan farina. Ku na yanzu ba ku san kunyar ɗan fari ba. Mu haka aka tashe mu, ba na kiran sunansa, ba na zama in yi hira da shi, ko yana jariri sai na faki idon mutane nake ba shi nono. Uwar Malam ce ta raine shi. In ina da magana da shi, Malam nake gaya wa, Malam ya kai masa, ya dawo mini da amsa, muna gida ɗaya. Da ya girma ya zama direban tirela, yana ɗaukar kaya daga Unguwa Uku zuwa Kudu. Kabiru kuwa shi ne na bayansa, shi ne ɗan ɗakina, wanda yake kwanciya a ƙafata ya yi ta surutu. Ya shiga sojan sama, ya koyi tuƙin jirgi, daga baya ya ajiye kaki ya koma tuƙa jirgin fasinja a Legas. In Allah ya haɗa su a gida, zauren nan ba ya shiru. Babba ya ce tuƙin sama ai aikin malalata ne, babu rami, babu shingen 'yan sanda, babu akuyar da za ta tsallaka. Kabiru ya ce to Yaya ya zo ya gwada tsayawa a gefen hanya a can sama ya sha shayi. Malam yana taka keke yana dariya, ya ce shi dai Allah ya ba shi ɗa a ƙasa da ɗa a sama, shi kuma yana tuƙa abin da bai taɓa matsawa daga zaure ba.

Shekarar da nake so ku sani ita ce shekarar da soja suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki. Duk wanda ya ci zaɓe, da wanda ɗan'uwansa ya ci, da wanda yake sa ran a tuna da shi, kowa yana son babbar riga kafin ranar rantsuwa. Yadi ya cika zaure har kan tabarmar salla. Zafin bazara ya kai inda ya kai, ana ta duban gabas, ruwa ya ƙi sauka. Na yi wa Malam magana ya sassauta, ya ce alkawari ya ɗauka. Wata rana da hantsi na ji keken ya tsaya, ban ji tarinsa ba, ban ji ya kira a kawo ruwa ba. Na leƙa na same shi ya kife a kan yadin wani, ɓarin jikinsa ɗaya ya saki. An kai shi asibiti, suka yi abin da za su iya, aka dawo mana da shi gida. Harshensa ya yi nauyi, amma in an matsa kunne ana gane abin da yake faɗa, kuma abin da yake yawan faɗa shi ne sunan Kabiru. Babba ne yake juya shi, yake ɗaga shi, yake yi masa alwala, ya ajiye motarsa a tasha ya hana kansa lodi. Yana yi yana jin sunan da tsohon yake kira. Wannan ma ku riƙe shi, don in ba ku riƙe ba, ba za ku gane abin da ya biyo baya ba.

Kabiru ya zo sau ɗaya ya duba shi ya koma, don a makon nan jirage ba sa hutawa, ana ta kwasar 'yan siyasa daga wannan gari zuwa wancan. Ya ce in an gama rantsuwa zai ɗauki hutu ya zo ya zauna. Malam bai jira ba. Bayan sallar asuba, gari ya fara haske, ya cika, kansa a kan cinyar Babba.

A layinmu gida ɗaya ne yake da tarho, gidan Maman Ebere, wata nas mutuniyar Kudu da muka daɗe muna maƙwabtaka. Ita ta buga Legas da hannunta, ta zo ta durƙusa a ƙofar ɗakina tana kuka, ta ce Kabiru ya ce a jira shi don Allah, da azahar yana Kano. Daga baya na ji yadda ya yi. Babu kujera ko ɗaya a jirgin Kano na ranar, masu murnar mulki sun cika shi. Sai ya roƙi abokin aikinsa da aka sa wa tafiyar ya bar masa, ya tuƙo jirgin da kansa, bai gaya wa kowa a wurin aikin cewa ubansa ya rasu ba.

Baffa Ɗanlami, yayan Malam, shi ne babba a dangi, kuma mutum ne da ba ya son a ajiye gawa. Ya ce mamaci ba a tsare shi don mai rai, ga zafi. Babba ne da kansa ya roƙe shi. Ya ce tsohon ya mutu da sunan yaron a bakinsa, a bari ya ga fuskarsa kafin a ɗaure likkafani. Baffa ya yarda zuwa bayan azahar. Aka yi wanka, aka suturta shi aka bar fuskar a buɗe, aka aika maƙabartar Tarauni a haƙa. Babba ya ari motar wani abokinsa ya tafi filin jirgi ya tsaya, don Kabiru yana sauka ya ɗauko shi ba tare da ɓata lokaci ba.

To, ruwan da aka yi watanni ana roƙo, a ranar ya ga damar zuwa. Ana shirin kiran azahar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso ta kwashe rumfar da aka kafa wa masu gaisuwa, sai ruwa ya kece. Ina ɗaki mata sun kewaye ni, ba na jin komai sai dukan ruwa a kan kwano. Can sai wata ƙara ta ratsa ta cikin ƙarar ruwan, mai nauyi, ta wuce ta samanmu ta yi arewa. Matar Baffa ta dafa ni ta ce ga shi nan ya iso. Muka zauna muna jira. Ƙarar ta sake dawowa, ta zaga, ta sake yin arewa. Daga nan ban ƙara jin ta ba.

Babba ya dawo shi kaɗai, jiƙe sharkaf. Abin da ya gani da idonsa shi ne wannan: jirgin ya fito daga cikin hadari, ya sauko, ya sauko, har ana ganin tayoyinsa sun kusa taɓa ƙasa, sai ya yi gurnani ya ɗaga kai ya koma sama. Ya zago ya sake saukowa, ya sake tashi. Sai aka yi shela cewa jirgin Legas ya wuce Kaduna. Kuma kafin zuwansa da ɗan lokaci wani jirgin ya sauka a wannan titin saukar jirage, a cikin wannan ruwan, mutanensa sun fito suna ta rungumar 'yan'uwansu a gaban Babba.

Ruwan ya ɗan tsagaita. Masu haƙa suka aiko cewa ramin yana ɗaukar ruwa, sun kwashe sun sake kwashewa, in aka ƙara jinkiri gefensa zai rufta, ga wani hadarin yana haɗowa. Baffa ya dubi Babba ya ce yanzu magana tana hannunsa, in ya ce a jira zuwa magariba a sake haƙa wani, za a jira. Ina jin su ta tagar da ke tsakanin ɗakina da zaure.

“Ba zai zo ba, Baffa. Ya zo ya gani ya koma. A ɗauka.”

Na so a jira. Amma wanda yake kai maganata wurin Babba shi ne a kwance cikin likkafani. Na tura matar Baffa, ta je ta dawo ta ce maza sun riga sun gama magana, an ɗaure fuskar. Na ji salatin mutane, na ji an ɗaga makara, na ji takunsu a cikin taɓo har ya ɓace.

Ana kiran magariba Kabiru ya shigo, da farar rigar aikinsa, taɓo har gwiwa. Motar haya ya shigo daga Kaduna. Ya tarar da zaure cike da masu zaman makoki, tabarmar da aka kwantar da ubansa an naɗe ta an jingine. Bai tambayi kowa ba, ya gane. Ya durƙusa gaban Baffa, sannan ya juya wurin yayansa ya miƙa hannu. Babba bai karɓa ba.

“Sannu da zuwa, Kyaftin. Ruwan bai taɓa ka ba dai ko?”

“Yaya, titin ba ya saukuwa.”

“Na gabanka a kan me ya sauka? Ni nan da kake gani, na sauko gangaren dutse da tirela cike da siminti, ana ruwan da ba na ganin hancin motata, don kawai mai kaya yana jira. Kai ubanka ne yake jira.”

Baffa ya tsawatar, ya ce ba a wannan a gaban mutane. Aka tashi salla. A ranar ba su ƙara magana ba.

Washegari da safe Kabiru ya shigo ɗakina ya zauna a ƙafata kamar yadda ya saba. Ban tambaye shi komai ba, shi ya fara. Ya ce in tuna yadda simintin tsakar gida yake yi in an zubar da ruwan wanki, mutum ya taka da silifa. Ya ce titin jirgi duk tsawon rani yana shan baƙin taya da maiƙo, ruwan fari in ya sauka a kai sai ya zama kamar an shafa sabulu. In kuma ruwan ya yi yawa har ya kwanta, tayar ba ta kaiwa ga kwalta, a kan ruwan take tafiya, ka taka birki babu abin da zai kama. Ya ce na gabansa ya sauka tun ruwan bai taru ba, kuma shi ma da ya tsaya da ƙyar ya gaya wa masu hasumiyar da ke ba jirage izinin sauka cewa birkinsa bai kama yadda ya kamata ba, su kuma suka gaya wa Kabiru. Ga iska tana bugun jirgin ta gefe tana ture shi daga tsakiyar titi. Sau biyu yana saukowa, sau biyu yana ganin wurin da ya kamata tayarsa ta taɓa ya wuce a ƙarƙashinsa, abin da ya rage na titin yana ƙyalli kamar tafki, bayansa kuma gidajen mutane ne. Man da ya rage ba zai ishe shi ya yi ta zagaye yana jiran ruwa ya janye ba. Ya ce da ya juya, manyan mutanen da ke ciki har dukan ƙofarsa suka yi, wani yana faɗa masa ko ya san wane ne shi, jama'arsa na jiransa da makaɗa.

Na ce masa, to da ya sauka, da jirgin ba zai tsaya ba ke nan? Ya ce:

“Wataƙila da ya tsaya, Inna. Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Amma mutanen da ke bayana ba su san Malam ba. Ba zan sauke su a kan wataƙila ba.”

Sai ya kifa kansa a gwiwata. Ya ce da ya zago na biyu, hadarin ya ɗan buɗe, ya hango unguwarmu.

Abin da ya nema bayan wannan ƙarami ne. Ya ce tunda bai ga fuskar ba, a nuna masa kabarin ya tsaya a kai ya yi addu'a. Malam tun yana da lafiya ya hana a sa masa allo ko ƙarfe mai suna, ya ce ƙasa ta ishe shi. Saboda haka sai wanda ya je ne ya san wurin. Baffa idonsa ya yi rauni, a bakin ƙofar maƙabarta ya tsaya. Ni mace ce, ba ma zuwa, ga takaba ta hau kaina. Babba ne ya shiga ramin ya karɓi ubansa ya kwantar da shi, ya jera itace, shi ya san wurin kamar tafin hannunsa. Kabiru ya same shi bayan an watse ya roƙe shi. Babba ya ce wanda yake kallon gari daga sama ai ba ya buƙatar ɗan jagora. Maƙwabta da suka ji, mutum biyu ko uku suka ce su za su raka shi, sun shaida wurin. Kabiru ya gode musu ya ƙi. Ya ce yana da wa a raye, bare ba zai nuna masa kabarin ubansa ba, zai jira har Yaya ya huce. Taurin kan nan duk na Malam ne, kowannensu ya ɗebi rabonsa. Aka yi sadakar uku, Kabiru ya koma Legas, Babba ya koma kan hanya.

Daminar shekarar ta yi ruwa ƙwarai. Ina zaune a ɗaki ina takaba, ina jin rediyon maƙwabta ana ta naɗe-naɗen muƙamai, masu riguna suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna karɓar yadinsu da ba a gama ba. Kabiru yana zuwa ya gaishe ni ya koma, Babba yana aiko da hatsi da cefane ta hannun matarsa. In ɗaya ya ji ɗaya yana gari, sai ya sami abin da zai tsare shi. Na aika wa Babba ta bakin Baffa, na aika ta bakin limamin unguwa, amsar ɗaya ce, ya ji, zai duba. Duk daren da aka yi ruwa mai ƙarfi ina tuna cewa ƙasa sabuwa ba ta jure duka.

Ranar da na fita takaba, ruwa ya riga ya ɗauke, an fara yankan gero. Na yi wanka na sa mayafi na tafi Daurawa gidan Babba, gidan da ban taɓa zama a cikinsa ba sai in an yi haihuwa. Na same shi a tsakar gida yana cin abinci. Ya miƙe zai ba ni wuri ya fita, na ce wa matarsa ta gaya masa ya zauna. Na zauna na fuskanci matar, shi yana gefe, na yi magana da ita.

“Ki gaya wa maigidanki, wanda ya yi jinya ya yi, Allah ya gani, ni ma na gani. Mai ciwo wanda ba ya kusa yake kira, na kusa ba ya buƙatar kira. Ki gaya masa ƙaninsa yana gari. Gobe in sun idar da Juma'a ina so su tafi tare.”

Matar ba ta maimaita ba, don ya ji. Ya sunkuyar da kai ya ce to.

Abin da ya faru a maƙabarta Kabiru ne ya ba ni labari. Sun shiga Babba yana gaba, yana tafiya irin ta wanda ya san inda za shi. Ya ce a kusa da wata darbejiya ne, ta gabas da ita. Suka tarar ciyawa ta kai ƙugu. Wurin da yake fili a ranar jana'iza ya cika da sababbin kaburbura, layi bayan layi, waɗansu ruwa ya rufta da su an sake tara musu ƙasa, waɗansu sun baje sun yi daidai da hanya. Reshen da Babba ya kafa da fasasshen tulun da ya ɗora, ruwa ya tafi da su. Darbejiyar ma ba ɗaya ba ce. Ya tsaya a kan wani ya ce nan ne. Ya matsa gaba, ya ce a'a, nan ne. Ya koma baya ya buɗa ciyawa da hannunsa. Suka kira masu haƙa, suka ce su kam daminar nan sun haƙa da yawa, ba za su ɗauki alhakin nuna abin da ba su tabbatar ba. Kabiru ya ce yana tsaye yana kallon yayansa, ƙaton mutum, yana rarrafe a cikin ciyawa yana shafa ƙasa, gumi yana zuba, har la'asar ta yi. Daga ƙarshe Kabiru ne ya kama shi ya ɗaga shi. Suka tsaya suka yi wa duk layin addu'a.

Da suka dawo, Babba ya wuce zaure ya zo har ƙofar ɗakina ya durƙusa, abin da bai saba ba. Bai ɗago ba.

“Inna, na ɓatar da shi.”

Na tura masa kwanon ruwa ya sha.

Tun daga ranar ba su ƙara faɗa ba, kuma ba su ƙara dariya tare ba. Babba ba ya iya haɗa ido da Kabiru, Kabiru kuma ba ya iya cewa ya wuce, don in ya faɗa ƙarya ne. Kowannensu yana zuwa maƙabartar in ya samu hali, amma ba rana ɗaya ba, kuma na ji an ce ba a wuri ɗaya suke tsayawa ba. Kabiru ya tuƙa jirgi har ya yi furfura ya ajiye, bai taɓa zubar da jinin kowa ba. Mutanen da ya juya da su a ranar sun sauka Kaduna suna zaginsa, suka je suka yi mulkinsu, suka aurar da 'ya'yansu, babu wanda ya san abin da ya bari a Gyadi-Gyadi. Ni kuwa har yau ban san inda mijina yake kwance ba, sai dai in an ce Tarauni in juya fuskata can.

Saboda haka ga abin da nake so. Ranar da tawa ta zo, kada a jira kowa, ko yana sama ko yana ƙasa, a kai ni da wuri. Amma wanda ya shiga ramin, in gari ya waye ya je ya kama hannun wanda bai samu zuwa ba, ko suna magana ko ba sa yi, ya kai shi ya nuna masa tun ƙasar ba ta bushe ba.